Gidan Tarihi Na Yamai Da Abin Da Fada Za Ta Ɗauka Daga Gare Shi

A wannan shekara sarautar gidan nan ta cika ɗari cif.  

A cikin abubuwan da kwamitin biki ya tsara akwai nunin kayan fada, akwai zaman lacca a kan tarihin gidan nan, akwai kuma kwanakin da aka ware don tara yara. Ba yau aka fara irin wannan aiki a ƙasar Nijar ba. A tsakiyar birnin Yamai, a kan gangaren da ya nufi kogin Isa, akwai gidan da ya shekara fiye da sittin yana yin sa, wato gidan adana kayan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda yaro da babba ke ce ma Mize. Na ga ya dace in kawo tarihinsa a nan, don wanda zai gina sabon ɗaki ya kamata ya leƙa na maƙwabcinsa da ya ga damina da yawa.

Yadda aka kafa gidan

A 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi Yamai, zamanin Gwamna Brévié. A lokacin Yamai ƴan unguwanni ne a bakin kogi, irin su Maure da Kalle da Gawai da Zango. A cikin shekarun 1940 aka buɗe reshen cibiyar binciken nan ta IFAN, wadda hedikwatarta ke Dakar, aka shiga tattara ƙwarya da masu da tufafi da kayan kiɗa ana jibgewa a ɗaki, don amfanin masu bincike kawai. Talaka bai san da zamansu ba, ba a kuma yi tunanin ya kamata ya sani ba.

Mutumin da ya sauya wannan shi ne Bubu Hama. An haife shi a 1906 a ƙauyen Foneko na ƙasar Tera, ya yi karatu har makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, ya komo a 1929 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe takardar malamin lakol daga can. Ya shugabanci reshen IFAN na Yamai a tsakiyar shekarun 1950, sannan ya riƙe majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Ɗan siyasa ne, kuma siyasarsa tana da masu yabo da masu suka har yau. Amma ko abokin gabarsa bai musa cewa mutum ne mai ƙishirwar tarihi ba. Ya rubuta littattafai masu yawa, ɗaya daga cikinsu, Kotia-Nima, ya ci babbar kyautar adabin baƙar fata na Afirka a 1971. Ya kuma aika mutane gari gari suna nemo tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda su ne tushen dubban takardun da ke ajiye yau a cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni.

Shi ya haɗa hannu da wani Bature ɗan asalin Sifaniya mai suna Pablo Toucet, wanda ya taɓa aiki a gidan tarihi na Bardo a Tunis. Ranar 18 ga Disamba 1959, wato ranar da Jamhuriya ta cika shekara ɗaya, Jori Hamani ya buɗe ɗakin farko. A lura da wannan kwanan wata: gidan tarihi ya girmi ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 da kusan wata takwas. Ƙasa ce mai faɗin gaske, wadda Bature ya shata iyakarta, inda Bahaushen Maraɗi bai taɓa ganin bukkar Tubawan Kawar ba, Bazabarmen Doso kuma bai san yadda ake ɗinka tantin fata na Abzin ba. Manufar waɗanda suka kafa gidan ita ce ɗan Nijar ya ga ɗan'uwansa, tun da gani ya kori ji.

Saboda haka Toucet bai gina katafaren bene irin na Turai ba, inda ake shiga da takalmi mai ƙyalli ana magana ƙasa-ƙasa. Ya shimfiɗa gidan a fili mai faɗin hekta 24, ya warwatsa ƙananan ɗakuna a cikin itatuwa, aka yi ma fuskokinsu zanen magina irin na sorayen Birni a Damagaram, fari da shuɗi. Aka kafa gidaje irin na kowace al'umma da kayan cikinsu. Aka kawo zaki da kura da dorina da kada da jimina. Wasu masana na ganin haɗa namun daji da kayan tarihi raini ne ga tarihin. Ni ban ga haka ba. Dorina ce ke jawo yaro ya shigo ƙofa, in ya shigo kuwa sai ya bi ta gaban ɗakin tufafi, kuma ba a rasa wanda zai leƙa.

Ɗakunan sun yi ta ƙaruwa: na tufafin gargajiya, na kayan kiɗa, na zanen duwatsu, na ƙasusuwan halittun dauri, na kayan tono, sannan na yuraniyom a 1985, lokacin da ma'adinin Arlit ke ɗauke da tattalin arzikin ƙasa. Bayan juyin mulkin Saini Kunce na 15 ga Afrilu 1974 an tsare Bubu Hama, ya kuma rasu a Yamai a watan Janairu na 1982. Albert Ferral ya gaji Toucet a 1974. Daga baya Mariyama Hima, masaniyar al'adu kuma mai shirya fim, ta riƙe gidan daga 1992 zuwa 1996. Sai a 2008 aka raɗa ma gidan sunan mutumin da ya yi mafarkinsa, shekara 26 bayan an rufe shi. Allah ya jiƙan maza.

Abin da ake zuwa kallo

Kowa da abin da ya fi tsaya masa a rai. Da yawa za su ce itaciyar Tenere. Wata ƴar itaciyar ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a cikin rairayi, a kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, babu wata itaciya kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa. Madugai ba su yarda a karya reshenta a hura wutar shayi ba, ba su bari raƙumi ya ci ganyenta ba. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Abin da ƙishirwa da guguwa suka kasa, wani direban babbar mota ya yi shi a 1973: a duk faɗin hamadar nan bai sami abin da zai banka ba sai ita. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka kawo gawarta Yamai, aka gina mata rumfa, aka kafa ta ƙarfe a inda take.

Yara kuwa ƙasusuwan dinozor suke rugawa kallo. Masu neman yuraniyom ne suka fara cin karo da su a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, sannan wani matashin masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya tono su a tsakiyar shekarun 1960. Wanda ya sa ma suna Ouranosaurus nigeriensis yana ɗauke da sunan ƙasarmu a cikin littattafan duniya. A nan kuma aka sami wani kada da masana suka ƙiyasta tsawonsa daga mita 9 zuwa 12, wanda ya rayu, in ji su, shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi yau koguna ne da fadama. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago a Amurka ya tono wasu, ciki har da Jobaria a ƙasar Ingal. Na sha jin dattawa sun tsaya gaban waɗannan ƙasusuwa ba su ce komai ba sai tasbihi, kuma a ganina sun fahimci nunin fiye da mai karanta allon bayani.

Amma ga mu da muka taru don sarauta, abin da ya fi cancanta mu daɗe a kansa shi ne kayan Bura. A 1975 wani mutum ya ci karo da kawunan yumɓu a wani wuri a ƙasar Tera. A 1983 Bube Gado da abokan aikinsa na IRSH suka tona wurin bisa ƙa'ida, suka tarar da maƙabarta mai ɗauke da tukwane fiye da 600 a kife, waɗanda aka ƙiyasta an yi su tun daga ƙarni na 3 na Miladiyya zuwa ƙarnukan da suka biyo. A cikinsu akwai mutum-mutumin wani mahayi a bisa dokinsa, hannunsa cike da mundaye, dokin da linzami da ado. Wanda duk ya taɓa ganin hawan salla, in ya dubi wannan mahayi ya san abin da yake kallo. Ma'ana, tun kafin Bature ya san hanyar kogin Isa da fiye da shekara dubu, akwai masu doki da masu riƙe masu linzami a wannan ƙasa. Shekara ɗari da muke biki lissafin takarda ne, daga ranar da hukuma ta sa hannu. Shugabanci kansa ya girmi takardar nesa ba kusa ba.

Labarin Bura yana da ɗaci a ƙarshensa. A 1993 aka buɗe wani babban nuni a Paris mai suna Vallées du Niger, aka kai kayan Bura, sannan nunin ya zagaya wasu biranen Turai da na Afirka ta Yamma. Duniya ta gani ta yaba. Dillalan kayan tarihi ma suka gani. Cikin ƴan shekaru aka bi wuraren nan da diga da shebur, talakawan da fari ya gallaba suna tonowa suna sayarwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ana fasa goma kafin a sami guda mai kyau, abin da aka samu kuma ya bi jirgi. A 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan gado na al'adu, a 2000 kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura a jerin waɗanda aka hana saye da sayarwa. Sai dai tukunyar da aka raba da ramin da ta kwanta ta rasa rabin labarinta, ko da an maido ta. Ina roƙon kwamiti ya riƙe wannan da kyau: nuni yana kiran mai kallo, yana kuma kiran mai saye. Ranar da aka fito da takobin kaka aka ɗauke shi hoto ya shiga Facebook, ranar aka sanar da kasuwa cewa yana nan.

Masu sana'a da yara

Abin da ya bambanta gidan Yamai da takwarorinsa na wancan zamani shi ne masu sana'a. Toucet ya kawo maƙeran fari da dukawa da masaƙa da masassaƙa ya ba su rumfuna a cikin gidan, suna aiki a gaban mai kallo suna sayar da abin da suka yi. Mai ziyara zai ga tsohon bargon tera-tera a bayan gilashi, ya fito ya tarar da masaƙi na saƙa sabo. Aka kuma buɗe ma makafi da guragu wurin aikin hannu. Da yawa daga cikin iyalan da ke wannan aiki yau, kakanninsu ne suka fara zama a rumfunan.

A 1970 aka ƙara cibiyar koyar da yara. Dalilinta a fili yake: gidan na kusa da ƙaramar kasuwa, kuma kullum cike yake da yaran da ba su sami lakol ba ko aka kore su daga cikinta. Maimakon a sa mai gadi ya bi su da bulala, sai aka buɗe masu aji, ana koya masu karatu da lissafi, daga baya da ɗinki da kafinta da walda da gyaran lantarki da kanikanci. A ganina wannan shi ne aiki mafi girma da gidan ya yi, ko da yake ba shi ake bugawa a katin gaisuwa ba. Ban da su akwai ƴan lakol da mushe ke kawowa a jere, da ayarin yaran babban hutu da ake ce ma koloni, da kuma taron ranakun salla, inda yaran Yamai ke kwarara da sababbin kaya da ƴan kuɗin barka da salla har ƙofa ta cushe. Mu da muka yi ƙuruciya a birnin nan, da wuya a sami wanda bai bi wannan ayari ba, kuma da yawa a cikinmu a nan muka fara sanin cewa Nijar ta wuce unguwarmu.

To, a nan tambaya take ga namu shiri. Yaran da za a tara, su wane ne? In ƴaƴan fada ne da ƴaƴan ma'aikata kawai, waɗanda za a ɗinka ma riga iri ɗaya a ɗauke su hoto, to an yi biki amma ba a bi sawun 1970 ba. Almajirin da ke bara a ƙofar fada, da yarinyar da ke tallan goro a gindin bango, su ma talakawan sarki ne, kuma kakanninsu ne suka ɗauko ƙasar da aka gina wannan soro. A ba su gurbi. Kada kuma a zaunar da yara a rana ana karanta masu jerin sunayen sarakuna. A kai su gaban sarkin makaɗa ya nuna masu bambancin kiɗan fita da na komowa, a bar su su taɓa lifidi su ji nauyinsa, a ba kowane fensir ya zana abin da ya gani, a aike su gida su tambayo kaka sunan kakarta da garin da ta fito. Ƴan mata a kai su cikin gida wurin tsofaffi, don akwai tarihin da ba ya fita sai a bakin murhu. In hali ya samu a sa su a mota a kai su Mize, su ga mahayin Bura da idonsu.

Fada ma gidan tarihi ce

Kafin a san wani abu wai shi Mize, fadojinmu na ajiye da kayan tarihi bisa nasu tsari. Tambari yana da mai shi, doki da kayansa suna hannun shamaki, alkyabba da hatimi suna da ma'aji. Sau biyu a shekara, ranar hawa, ake fito da su gari ya gani, maroƙa kuma su karanto asalinsu. A Daura ana ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajida, ga kuma rijiyar Kusugu. A Katsina akwai takobin nan Gajere. Sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi bayan jihadi, da na Gobir da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun tafi da sarautunsu da kiɗansu da jerin sunayen kakanni a ka. Kayan fada yana da rai, don ana hawa da shi, ana yi masa kirari. Rauninsa ɗaya ne: ba a rubuta shi ba. In mai riƙe da shi ya rasu, ko aka yi rikicin gado gida ya rabu, sai a nemi abu a rasa, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa da akwai shi.

Wasu gidajen sarauta sun gane haka da wuri. A Argungu an mai da tsohon gidan sarki gidan tarihi na Kanta tun 1958. A Kano akwai Gidan Makama. A Kumasi an buɗe na fadar Manhyia a 1995, kuma saboda akwai wurin ajiya tsayayye, a 2024 aka kawo can wasu kayan zinariya na Asante da sojan Ingila suka kwashe, ko da yake waɗanda suka fito daga gidajen tarihin Landan aro aka kira su. Faransa ta maida ma Benin kayan fadar Abomey guda 26 a watan Nuwamba na 2021. A nan gida, Doso ta sami nata gidan tarihi a shekarun 1990, kusa da fadar Zarmakwai. Mu ma muna da abin tambaya, don ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙona Birnin Ƙonni ya yaƙi Sarauniya a Lugu a 1899, da waɗanda suka ci Damagaram a wannan shekara, ba hannu rabbana suka wuce ba. Amma duk mai neman a maido masa kaya, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina zai sa, ta biyu kuma ina shaidar cewa nasa ne.

Ba ɓarawo kaɗai ne abokin gaba ba. Gara na cin sirdi da takarda, ɓera na cin fata, wuta kuma ba ta tambayar shekarun abu. Ruwan sama ma ya sauya hali. A 2020 kogin Isa ya yi cikar da ta mamaye unguwannin Yamai na bakin ruwa, ranar 3 ga Satumba 2024 kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. Ginin da ya ga zamanin Tanimun ya faɗi cikin yini ɗaya. Ɗakin da muke ajiye akwatunan takardun gidan nan, da me aka yi rufinsa?

Maganar lacca

A matsayina na ma'aikacin rediyo, na san yadda waya ke ɗaukar zafi duk ranar da aka taɓo tarihin sarauta. Kowane gida na da nasa jerin sunaye, kuma sunan da wani ya tsallake shi ne kakan wani. Wannan ne ya sa sau da yawa laccar fada kan koma roƙo da kwat da takarda: a yabi kowa, a tafa, a watse. Roƙo sana'a ce mai daraja, tana da masu ita, sun kuma fi kowane malamin jami'a iyawa. Wanda aka gayyato ya yi lacca, a bar shi ya yi nasa aikin.

Shekara ɗarin nan ba duka ne hawan salla ba. A cikinsu akwai shekarun da kwamanda ke aiko ma sarki adadin harajin da zai tara da adadin mazan da zai bayar don aikin tilas da aikin soja, in ya gaza a tuɓe shi, in ya cika talakawa su tsine masa. Ba a hana aikin tilas ba sai a 1946. Akwai yunwar 1931, akwai farin 1973 da na 1984. Akwai sarakunan da aka kora, kamar Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da aka tuɓe a 1906 aka kai ƙasar Kodibuwa, sarautar ta zauna babu sarki mai cikakken iko har 1923. Akwai zamanin siyasa, da aka naɗa wasu aka sauke wasu saboda jam'iyya. Akwai kuma maganar bauta, wadda doka ba ta mai da ita babban laifi a fili ba sai a 2003, wadda har yau ake rage murya in an zo kanta. Sarakuna sun kafa ƙungiyarsu tun 1949 don sun san tsaka mai wuyar da suke ciki. Faɗin waɗannan ba ya rage ma gida daraja. Matasan da za su zauna a bayan rumfa sun riga sun ji rabin labarin a waya, kuma in fada ba ta ba su cikakkensa ba, wani zai ba su gurguwarsa. Muna da masana da suka yi wannan aiki da natsuwa: marigayi André Salifu a kan Damagaram da yaƙin Kawusan, Jibo Hamani a kan Adar da Abzin, da ɗalibansu da ke koyarwa yau.

Sai harshe. Allunan bayani na gidajen tarihinmu da Faransanci aka fara rubuta su, don haka tsohuwar da ta san sunan kowane zare na zanen da ke bayan gilashi ba ta iya karanta abin da aka ce a kansa. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ba mu da sauran uzuri. A rubuta bayanin kayan fada da Hausa, boko da ajami, a ƙara da Zabarmanci saboda maƙwabta da surukai, Faransanci ya zo daga ƙasa don baƙi. Laccar ma a yi ta da harshen da masu gari ke ji, a naɗe ta, a ba gidajen rediyo su watsa, a kai kwafi cibiyar CELHTO da ke nan Yamai, wadda aka kafa tun 1968 musamman don adana tarihin baka.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo kafin a kwance rumfunan biki ƙalilan ne. A sami babban littafi mai bango, a ba kowane abu lamba, tun daga tambari har ƙaramar wasiƙa. A rubuta sunansa, da wanda ya yi shi in an sani, da sarkin da ya yi amfani da shi, da wanda ke riƙe da shi yau, a ɗauke shi hoto gaba da baya. A zaunar da dattijon da ya fi kowa saninsa a ɗauki muryarsa yana bayani, yanzu, ba baɗi ba. Littafin a yi shi uku: ɗaya a fada, ɗaya wurin limami, ɗaya a hannun ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa, waɗanda ya kamata a gayyato su nuna yadda ake yi. Kada a goge tsohon takobi da yashi don ya yi ƙyalli, kada a shafa ma tsohuwar ƙofa fenti, kada a liƙe takardar kakanni da salatif ko a rufe ta cikin roba mai zafi. A naɗe ta cikin farin ƙyalle, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai laima. Iyalan da suka ba da aron kayansu don nuni a ba su takardar shaida, a kuma maida masu a ranar da aka yi alkawari, don wanda aka ci amanarsa sau ɗaya ba ya sake buɗe adaka.

Sannan a naɗa mutum guda, da sarauta da rawani in an ga dama, wanda mabuɗin ɗakin zai zauna a hannunsa, a yanka masa wani abu a kowane wata, a kuma haɗa shi da matashi ɗaya mai ilimin zamani da zai koya a wurinsa. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma tana faɗowa kafin lakol ta tashi hutu. A ranar a buɗe ɗakin ma yaran gari kyauta, a fito da littafin, a ƙirga kaya a gaban majalisa, a ga ko lamba ta cika.